Teburin Bakin Taga

A gidan wanki da gugar nan da ke tsakanin shagon mai faci da kantin magani, taga ɗaya ce tak a ɗakin guga. Ita ma ba wata ta a-zo-a-gani ba ce. Ƙarafunanta sun yi tsatsa, gilashi guda ya fashe an toshe da kwali, kuma ba abin da take kallo sai lungu da bangon maƙwabta. Amma ta nan iska ke shigowa, ta nan haske ke shigowa. Duk wanda ya taɓa wuni a tsaye da dutsen guga a hannu, tururi na marin fuskarsa, ya san teburin bakin tagar nan ya fi kujerar Manaja daraja.

Matar da ke kan teburin ta daɗe a wurin har sunanta na gaskiya ya ɓace. 'Yar Taga ake ce mata, ko da yake ta wuce a kira ta 'yar wani abu, tunda babban ɗanta har ya fara aske gemu. Gajeriya ce, mai saurin hannu, mai ciwon ƙirji. In zafi da tururi suka haɗu mata, sai ka ji numfashinta na kuka kamar ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba. Saboda haka tagar nan a wurinta ba ado ba ce. Da ita take numfashi.

Kuma ba gadon teburin ta yi ba, cinsa take yi duk wata. Manaja, wanda ƙanin matar Mai Kamfani ne, in ba don haka ba da ko gadin wurin ba za a ba shi ba, yana da wata sandar labule da ya tsinta tun zuwansa. Kullum in za a tashi, kowace mai guga ta jera abin da ta goge a gefen teburinta, shi kuma ya bi da sandarsa yana gwada tudun kowa. Sai ya ɗora babban yatsa inda tudun ya tsaya, ya ce, "Hmm." Ƙarshen wata, wadda tudunta ya saba fin na kowa ita ke da taga. Wadda nata ya saba zama a ƙasa sai ta koma can ƙurya, teburin da ke jingine da bangon tukunyar ruwan zafi, wanda ma'aikata suka sa wa suna Murhu.

To, ita sanda ba ta san riga ba, ba ta san bargo ba, tsawo kawai ta sani. Don haka da safe in an turo amalanken busassun kaya, sai ka ga manyan mata, iyayen 'ya'ya, suna kokawa a kan tawul da labule da zanin gado kamar an watsa wa kaji tsaba. Gwanar wannan kokawa wata ƙatuwa ce da ake kira Bargo, don ba a taɓa turo bargo ya wuce ta ba. An ce ko a gidanta in ta hango bargo a shanya sai ta kai masa cafka kafin ta tuna nata ne.

'Yar Taga ba ta shiga wannan. Sai an gama ture-ture ta je ta kwashi rigunan da aka raina, siraran nan masu wuya da hannu da aljihu, kuma duk da haka hannunta ya kai ta inda bargunan wasu ba su kai su ba. Wannan abu na ƙona wa Bargo rai ba kaɗan ba.

Sai dai 'Yar Taga na da abin ɓoyo, kuma kowa a ɗakin ya sani ban da Manaja. Allura ce soke a ɗankwalinta ta bayan kunne, da zare fari da baƙi a aljihun rigar aikinta, da wani gwangwanin alewa cike da maɓallai a ƙarƙashin tebur. Tsoho mai wanki ne ke tsinto mata maɓallan a matatar inji in yana wanke ta. In ta shimfiɗa riga ta ga maɓalli na lilo, ko bakin aljihu ya fara warwarewa, sai hannunta ya tafi bayan kunne shi kaɗai. Kafin dutse ya sake ɗaukar zafi ta gama. Ba wanda ya sa ta. Ita dai ba ta iya ninke riga da ɓaraka ta miƙa wa mai ita kamar ba ta gani ba.

Allura kuwa haramun ce a ɗakin guga tun shekarun baya, lokacin da wata ta manta tata a wandon wani babban mutum. Wai a tsakiyar taro ya zauna a kanta, ya miƙe zumbur da ihu, mutane suka ɗauka jawabi zai fara suka hau tafi. Tun ranar Mai Kamfani ya ce duk wadda aka kama da allura ta san inda dare ya yi mata.

Ana nan sai Mai Kamfani ya je wani taron bita a otal, irin wanda ake raba ruwan gora da alƙalami kyauta, ya dawo da sabon baki. Ranar Litinin da safe ya sa aka kashe injuna, aka tara kowa a ɗakin guga. Ya tsaya daidai bakin taga, ya tare iskar duka da bayansa.

"Daga yau," ya ce, "ba na son ma'aikacin da sai an ce masa yi. Kowa ya ɗauki wurin nan kamar nasa. Mai dabara ya fito da ita. Kuna gani gidan wankin da aka buɗe a tsallaken titi na kwashe mana mutane. To, wa zai fara?"

Kowa ya hau kallon yatsun ƙafarsa. Kuma ba rashin dabara ba ne. A gidan nan duk wanda ya kawo shawara shi ke ɗaukar ta a ka, a saman aikinsa na kullum, sai ranar da ya bar wurin. Tsoho mai wanki ya taɓa cewa ya kamata a riƙa share kwatar baya. Har yau shi ke share ta. Direba ya taɓa cewa motar kai kaya na son wanki. Ga shi nan kullum da bokiti da tsumma.

"Ba kowa?" in ji Mai Kamfani. "Duk yawanku a ce ba kai ko guda?"

Bargo ta gyara murya.

"Yallaɓai, ni dai Allah bai ba ni dabara ba, ƙarfi ya ba ni. Amma akwai masu ita. Akwai ma wadda tata ke soke a bayan kunne yanzu haka."

'Yar Taga ta ji ƙirjinta ya fara kukan nan nasa. Manaja ya ɗaga sanda.

"Allura? A ɗakina?"

Mai Kanta, wadda ke karɓar kaya a gaba, ita ta yi ƙarfin hali.

"Ranka ya daɗe, in gaskiya za a faɗa, saboda ita wasu ke zuwa. Malamar makarantar nan mai tabarau, kullum in ta kawo kayan mijinta sai ta ce a ba mai sa maɓalli. Ba ita kaɗai ba ma."

Mai Kamfani ya tsaya. Kana ganin tsohuwar doka da sabon karatu na dambe a fuskarsa. Da yake karatun bai huce ba, shi ya yi nasara.

"Kun gani? Abin da aka gaya mana ke nan a otal! Ba wanda ya sa ta, ita ta sa kanta. Ku tafa mata!"

Aka tafa. Bargo ma ta tafa, irin tafin kashe sauro.

'Yar Taga ta ce, "Ranka ya daɗe, in ana so in yi shi a fili, to a duba min maganar sanda. Maɓalli ba ya ƙara wa tudu tsawo."

"Wannan ai ƙaramin abu ne. Manaja, ka duba."

"Za a duba, Yallaɓai."

Da yamma ta koma gida da ƙafa mara nauyi. Mijinta na zaune a ƙofar gida inda ya saba, bayan teburinsa na gyaran rediyo. Tun da wayar hannu ta cika gari ba mai kawo masa aiki, sai matattun rediyoyi da ke jere a gabansa kamar almajiran da suka ƙi tashi daga aji, yana kaɗe musu ƙura safe da yamma. Ta ba shi labari tun kafin ta cire takalmi.

"Sun tafa miki?" ya ce.

"Har da Manaja."

"Da me ya tafa, yana riƙe da sanda?"

"A hammata ya sa ta."

"Bai ajiye ba ke nan."

"Kai dai Malam ba ka son ka ga an yabi mutum."

"Ni ma an yabe ni, Maman yara. Duk waɗannan da kike gani da yabo aka kawo su. Ba wanda ya dawo ɗauka."

Ta yi tsaki ta shige ciki. A ranta har ta gama tsara komai. Za ta riƙa guga da safe, bayan azahar ta ajiye dutse ta ɗauki allura a hasken taga. In abu ya yi kyau a sayo ƙaramin keken ɗinki a sa a kusurwa, ta koya wa ɗaya daga cikin matan, su zama biyu. Har wurin da keken zai zauna ta zaɓa.

Kafin mako ya fita sai ga mai fenti da tsani. Ba wanda ya tambaye ta. Ta zo da safe kawai ta tarar da ƙaton allo a saman ƙofa: ANA GYARA ƁARAKA DA MAƁALLI KYAUTA. Mutanen unguwa ba duka suka karanta ba, amma kalmar ƙarshen nan ko makaho sai da ya ji labarinta.

Sai kaya suka fara zuwa. Wani ya kawo wando ba mazaunai. Wani ya kawo riga da ba maɓalli ko ɗaya, ya ce in da hali masu ƙyalli yake so. Mai faci na maƙwabta ya kawo rigar aikinsa wadda ramukanta sun fi yadinta yawa. Wata tsohuwa ta kawo gidan sauro da ɓera ya yi wa ƙofofi, ta ce a wanke, tunda gyaran kyauta ne. Mai Kamfani ya sauko ya ga layi har titi, ya shafa ciki, ya leƙa tsallake yana murmushi. Duk abin da ya yage kuwa, a wani babban kwando ake zuba shi, a jawo kwandon a ajiye a gindin teburin 'Yar Taga. Rabonta na guga kuma yana nan yadda yake, ko hankici ba a rage ba.

A kwanakin farko ɗakin ya ɗan sauya. Direba ya fara raɗa wa Tsoho cewa in da za a bar shi, zai iya bin ofisoshi da safe yana karɓo kaya, ba sai an jira mutane sun kawo ba. Tsoho ya ce shi ma ya daɗe da gano yadda za a jiƙa wuyan riguna daban don kar a riƙa maimaita wanki. Ko Bargo an ji tana gunagunin wata hanyar ninke zanin gado. Amma ba wanda ya kai tasa sama. Duk sun zuba ido su ga yadda za ta ƙare da mai allura.

Ita kuwa ta zama mutum biyu a jiki ɗaya. Ta ɗora dutse, ta ajiye, ta ɗauki allura, ta ajiye, dutse ya huce, ta jira shi. Da yamma Manaja ya zo da sandarsa. Tudun Bargo ya kai ƙirji. Na 'Yar Taga da ƙyar ya wuce gwiwa.

"Hmm," in ji Manaja.

"Manaja, an ce za ka duba."

"Na duba, Yaya. Na duba ta sama, na duba ta ƙasa, ban ga inda zan gwada maɓalli a jikin sandar nan ba."

"To ka gwada kwandon mana."

"Kwando ba guga ba ne."

"To ka rage min gugar."

"In na rage miki wa zai yi? Ni ma fa in Yallaɓai ya sauko motar kaya yake leƙawa. In ba ta cika ba ni ake wankewa tas, in koma gida yayata, matarsa, ta ɗauraye ni."

Ta haƙura ta ƙara kwanaki. Da ta ga wata na neman raba tsakiya, ta wanke hannu ta hau bene. Ofishin Mai Kamfani sanyi kamar cikin firji, har ƙirjinta ya yi shiru don mamaki. Yana kan waya. Ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"A'a, jarumarmu! Kin ga layi kuwa?"

"Na gani, ranka ya daɗe, a gindin teburina yake ƙarewa. Maganar sandar nan ce."

"Ban ce Manaja ya duba ba?"

"Ya ce ba shi da inda zai gwada. Ni kuma in wata ya ƙare a haka, Murhu za a kai ni, kuma ƙirjina..."

"Haba, Hajiyar maɓalli. Na ce ki ɗauki wurin nan kamar naki. In naki ne, wa za ki kai wa kuka?"

"In nawa ne, ranka ya daɗe, da tuni na karya sandar."

Ya tuntsire da dariya har yana buga tebur.

"Kin ji irin tunanin da nake so! Ci gaba da haka." Ya mayar da waya kunne, ya juya kujera.

Ta tsaya kaɗan tana kallon ƙeyarsa, ta shaƙi sanyin nan sau biyu don guzuri, ta sauko.

Wata ya ƙare. Manaja bai ko iya haɗa ido da 'Yar Taga ba, sandar ya nuna da haɓa kamar ita ce ta yi magana. Bargo ta zo da dutsenta da tabarmar ƙafarta ta tsaya.

"Yaya, ba ni na yi ba fa. Sanda ce."

"Na sani. Sanda ce ma ta yi magana ranar taro."

"Ni taimakonki na yi, ga shi har tafi kin samu." Ta sa ƙafa ta turo mata gwangwanin maɓallai daga ƙarƙashin tebur. "Kar ki manta dukiyarki."

Murhu ba a banza aka sa masa suna ba. Bangon in ka jingina sai ka ji kamar an ɗora maka dutsen guga a baya. Ƙwan fitila guda ne a sama, ja, mai kasala, wanda ko kansa ba ya haskawa sosai. Aka jawo kwando aka biyo ta da shi. Ta lashi zare, ta ɗaga allura, ba ta ga kafar ba. Ta sake lasa, ta sake kuskure. Ta taka zuwa bakin ƙofa don ta sami haske, Manaja ya ce ba a barin tebur lokacin aiki. Ta dawo ta ɗinke farar riga da baƙin zare ba ta sani ba. Wata rana tana fama da kafar allura, ta ji ƙauri. Ta juya, dutse ya zana hotonsa sak a bayan riga. Kuma ba ta kowa ba ce sai ta mijin Malama mai tabarau.

Mai Kamfani ya sauko da rigar a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa don zafin bai bar shi ya ƙaraso ba.

"Me ya same ki ne? Da can da kike yi a ɓoye ba a taɓa kawo ƙara ba. Yanzu da na ba ki dama sai ki lalace?"

Ta buɗe baki, numfashin ya riga maganar fitowa. Kafin ta tattaro shi ya juya. Direba ya kalli Tsoho, Tsoho ya kalli Direba. Daga ranar ba a sake jin zancen bin ofisoshi ba, balle na wuyan riguna.

Bayan 'yan kwanaki, da rana tsaka, ƙirjin ya kulle gaba ɗaya. Ta sulale ta zauna a ƙasa tana kama iska da baki. Tsoho da Mai Kanta suka ɗauke ta suka fitar lungu, suka jingina ta da bango, aka yi rashin sa'a daidai ƙarƙashin tagar. Da idonta ya washe ta ɗaga kai, sai ga fuskar Bargo ta cika ƙarafuna, iska na kaɗa mata ɗankwali.

"Sannu, Yaya. Wallahi kin ba ni tausayi."

"Tausayin ya kai ki ba ni wurina?"

"A'a, bai kai nan ba," in ji Bargo. "Amma sannu."

Ranar da ta koma gida ba ta ba da labari ba. Ta tsaya a gaban teburin mijinta, ta kai hannu bayan kunne, ta zare allurar, ta soke ta a yadin gaban wata tsohuwar rediyo. Ta ajiye gwangwanin a gefe.

"Riƙe min."

Ya dubi allurar, ya dube ta. Duk tsokanar da ke bakinsa ya haɗiye ta, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu.

"Kyauta ce ko ajiya?"

"Ajiya."

Washegari ita ta fara isa. Da aka turo amalanke, kafin Bargo ta gama buɗe hannuwa, 'Yar Taga ta bi ta ƙarƙashin hammatarta kamar ɓera ta damƙi bargon da ya fi kowanne kauri. Bargo ta kama ɗaya gefen. Aka ja nan, aka ja can.

"Yaya! Ke ma?"

"Ni ma. Sake shi."

"Ke da kike raina mu? Ina rigunan naki?"

"Ga su can, ki je ki gaishe su. Sake shi ko in cije ki, haƙorana ba su da ciwon ƙirji."

Matan suka fashe da dariya, Bargo ta saki don mamaki. Daga ranar kokawar safe ta sami sabuwar gwana. Kuma da yake mai dabara ce, sai ta kai dabarar inda ake biyanta. Ta gano cewa bargo in ka shafe shi sama-sama ya fi tsayi a kan wanda ka danne da kyau. Ta gano yadda ake ninke tawul a bar iska a cikinsa. Ta gano cewa in ka sa labule a ƙasa, tudu ba ya lotsawa. Abin da wasu ke yi da ƙarfi ita ta yi shi da lissafi, tana jan numfashi da ƙyar a jikin bangon nan mai zafi, idonta na kan taga.

Kwando ya cika ya tumbatsa. Mai Kanta ta shigo hannu a ka.

"Yaya, mutane na zagina a gaba. Mai wandon nan ya ce yadda ya kawo shi haka aka mayar masa, sai dai ramin ya fi da tsabta."

"Allura haramun ce a ɗakin guga, ƙanwata. Tambayi Manaja ko an soke dokar."

Aka tambayi Manaja. Ya sosa ƙeya da kan sanda, ya ce shi dai a iya saninsa tafi aka yi, ba a soke komai ba, amma za a duba.

Layi ya fara gajarta. Masu neman kyauta suka tafi da zagi, wannan ba asara ba ce. Amma tsofaffin masu zuwa, waɗanda suka saba samun rigunansu da maɓalli cif ba tare da sun san dalili ba, su ma suka fara tsallaka titi da ledojinsu. Mai Kamfani ya sa aka sauke allon aka jingina shi a bayan gida, fuskarsa na kallon bango, kusa da kwatar da Tsoho ke sharewa.

Ƙarshen wata sanda ta yi magana. 'Yar Taga ta ɗauki dutsenta ta koma wurinta. Ta tsaya ta buɗe baki ta sha iska kamar mai shan ruwa bayan doguwar tafiya. Bargo ba ta faɗa Murhu ba, wata baiwar Allah ce mai shiru-shiru da aka bar wa riguna duk watan ta tafi can.

Ranar Litinin aka sake kashe injuna. Mai Kamfani ya tsaya inda ya saba, ya tare iska.

"Na ba ku dama," ya ce, "kun ga yadda aka yi da ita. Mutanenmu ba su da naci, abin da na gano ke nan. A fara abu da zafi, a sake shi. Amma ni ban gaji ba. Wa ke da wata dabarar?"

Tsoho ya dubi farcensa. Direba ya dubi silin. 'Yar Taga ta dubi ɗan hasken da ya rage tsakanin kafaɗar Mai Kamfani da ƙarfen taga, tana jira ya matsa.

A makon ne, tana cikin shafa wani labule, ta ji ana ƙwanƙwasa ƙarfe daga lungu. Malama mai tabarau ce, ta yi ɗage, da riga a hannu.

"Baiwar Allah, ke ce mai maɓalli ko? An ce min ta nan zan same ki."

'Yar Taga ta waiga. Manaja na can yana faɗa da Direba.

"Ba a ɗinki a nan, Malama. Kuma ki yafe min rigar da na ƙona."

"Wannan ya wuce, shi ma mai rigar ya fi ta ƙonewa a wurina. Yanzu ya zan yi da wannan?"

"In kin bi lungun nan kika karya hagu, akwai wani mai gyaran rediyo zaune a ƙofar gida. Ki bar masa. Gobe da yamma ki koma."

"Mai rediyo kuma?"

"Ki dai bar masa."

Malama ba ta iya riƙe magana ba, wannan duk unguwa an sani. Ba a daɗe ba teburin Malam ya canza kama: riguna rataye a eriyar rediyoyi, wanduna ninke a kan sifika. Shi ke karɓa, shi ke miƙawa, ita ke ɗinki in ta dawo, a bakin ƙofa, kafin rana ta faɗi. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa ganin masu kawo aiki su dawo ɗauka ba sai yanzu. Ita kuwa in ya faɗi haka ba ta dariya. Kusurwar da ta zaɓa wa keken ɗinki tana nan a ɗakin guga, an ajiye tsintsiya da bokiti a wurin, kullum sai ta gan ta.

Kayan Mai Kamfani na kansa teburin taga ake kai wa, haka tsarin yake tun da. Wata Alhamis aka kawo farar rigarsa, wadda yake sawa in zai je taro. Ta shimfiɗa ta. Maɓallin tsakiya, daidai inda cikinsa ke turowa, na lilo a kan zare ɗaya. Numfashi mai ƙarfi guda ya isa ya tsinke shi.

Hannunta ya tafi bayan kunne shi kaɗai. Ya tarar da ɗankwali kawai.

Ta daɗe tana kallon maɓallin. Sannan ta ɗauki dutse ta zagaye shi a hankali don kar ya faɗi a hannunta, ta ninke rigar sakwa-sakwa yadda za ta riƙe iska, ta ɗora a saman tudu.

Da yamma Manaja ya zo ya jingina sandarsa, ya ɗora babban yatsa can sama.

"Hmm," ya ce. "Yaya, kin dawo hayyacinki."